Ranar da Laftof Ɗinka Ta Ƙone

Unguwar Rimi, Kaduna.

Zuwa ga Yayan su Hafsa,

Assalamu alaikum wa rahmatullah. Bayan gaisuwa da fatan alheri, ina roƙon Allah Ya sa lokacin da za ka buɗe takardar nan ka riga ka sauka lafiya, ka sami inda za ka ajiye kayanka, ka sa wani abu a cikinka. Allah Ya tsare hanya, Ya tsare direba, Ya haɗa ka da mutanen kirki a garin da aka tura ka bautar ƙasa.

Kai ɗan fari ne, ka san ban taɓa kiran sunanka ba, kuma ban saba zaunar da kai mu yi doguwar magana ba. Shi ya sa na ɗauko biro. Tun bayan azahar nake fama da takardar nan. Ka fita sallama da dangi, Hafsa tana islamiyya, gidan ba kowa, amma na kasa zama wuri ɗaya. In rubuta layi biyu, in tashi in leƙa kicin, in dawo, in sake ninke kayan da na riga na ninke. Wannan ce takarda ta uku, biyu na yayyaga. Ni da na ƙare ƙuruciyata ina buga wasiƙun gwamnati a ofis, yau tawa ta gagare ni.

Maganar laftof ce. Ba sabuwar da ke cikin jakarka ba, tsohuwar, baƙar nan da ta mutu bara da bazara ta tafi da furojet ɗinka na gama makaranta. Akwai abin da ban faɗa maka ba a kanta. Zan faro daga ƙananan kurakuraina, don babban ya fi ƙarfin in fara da shi.

Ka tuna yadda take yi idan ka kunna gem ɗin nan na tseren motoci? Ba a minti goma sai fankarta ta fara kuka kamar injin markaɗe, har ta bango nake ji. Lokacin ban daɗe da yin ritaya ba, komai haushi yake ba ni. Wata rana da tsakar rana na buga maka ƙofa na ce, "Ka rufe ƙofar nan da taga, ƙarar abin nan tana hawa mini kai." Ka ce, "Umma, in na rufe zafi zai ƙaru, ita kuma zafin ne yake sa ta ihu." Na ce, "Ni za ka koya wa kwamfuta? Tun kana goye nake taɓa ta." Ka tashi ka rufe tagar. Daga ranar kake zama a ɗaki rufe cikin zafin Kaduna, kai kana gumi, ita tana ihu fiye da da.

Gaskiyarka ce a ranar. Ni madannai na sani, ban san abin da ke cikinta ba, amma girman kai ya hana ni tambaya. To ka ji: inda za ka, za a ɗauke ka mai ilimi, wataƙila ma a ba ka aji ka koyar. Idan wanda bai kai ka shekaru ko karatu ba ya gaya maka yadda abu yake a garinsu, ka tsaya ka saurara har ya gama. Kada ka katse shi da tsawon shekarun da ka yi a makaranta.

Na biyu, kiret ɗin ƙwai. Ka samo guda biyu ka ɗora ta a kai don iska ta riƙa shiga ta ƙasa. Ni kuwa na shiga shara na gan su, na ce ɗakin saurayi ba wurin tara tarkace ba ne, na kwashe na zubar. Da ka ce kana so ka kai ta Hayin Banki wajen Malam Isiya mai gyaran kwamfuta ya buɗe ta ya hure ƙurar ciki, sai na ce wa Abbanku dabarar fita yawo ce kawai, ya hana ka. Ban yi don mugunta ba, na yi ne don na ga kamar na fi ka sanin halinka. Wannan sabuwar, ka ɗora ta a kan tebur mai tauri, ka ɗaga bayanta ko da littafi ne. Kada ka sa ta a katifa, kada ka sa ta a filo. Idan ka ji fankar ta canza murya, ka tsayar da gem ɗin, ka bar ta ta huce. Ka nemi mai gyara na ƙwarai a can tun kafin ka buƙace shi, lokaci zuwa lokaci ya share mata ciki.

Yanzu sai babban. Bari in sha ruwa in dawo.

Ka tuna da ka fara furojet ɗin nan na awon ruwan rijiyoyin Rigachikun, kai kake rubutawa da hannu, ni nake buga maka, don na fi ka sauri. Ka ba ni lambar buɗe laftof ɗin, ka kuma ba ni filas, ɗan abin nan na ajiye aikin kwamfuta, ka ce, "Umma, duk babin da kika gama ki kwafa a nan." Na ce to. Da safe Abbanku ya tafi ofis, kai ka tafi makaranta, Hafsa ma ta tafi, sai ni da bango. Ba ka san yadda gida yake yi wa mutumin da ya saba fita kullum ba. Yatsuna har ƙaiƙayi suke yi. Bugun aikinka ya zame mini abin da nake tashi dominsa, amma ba ya ɗaukar mini fiye da awa ɗaya.

Ranar da na gama babi na biyu, idona ya faɗa kan 'yar jar motar nan da ke gefen allo. Na ce bari in ga abin da ke ɗauke wa yaron nan hankali. Na danna. Motar ta tashi, na kai wa bango karo, na juya na faɗa rami, na yi dariya ni kaɗai har da hawaye. Rabon da in yi irin wannan dariyar tun ina aiki. Washegari na sake. Kafin sati biyu na iya shan kwana ba tare da na taka birki ba, ina wuce motoci ina yi musu tsaki. Ni, uwarka, da nake yi maka faɗa a kan abin nan.

A ɗakina nake yi, a kan gado, don kada wani ya shigo falo ya gan ni. Idan zafinta ya fara ƙona mini cinya sai in sa filo a ƙasa. Fankar tana ihu, ni ina cewa bari in gama wannan zagayen. Sau biyu shinkafa tana kamawa a kan wuta, na ce wa Abbanku gas ɗin ne ya yi ƙarfi. Filas ɗin da ka ba ni kuwa yana cikin jakar hannuna, ban taɓa sa shi ba ko sau ɗaya. Kullum sai in ce gobe zan kwafa gaba ɗaya. Takardun da ka rubuta da hannu kuma, duk wadda na buga sai in yayyaga, yadda muka saba a ofis. Babi huɗu, da duk awon da ka yi a rana, wuri ɗaya kawai suka rage, cikin laftof ɗin.

Ba zan ce maka kada ka yi gem ba. Yanzu ba ni da bakin faɗin haka, na ɗanɗana na san daɗinsa, na kuma san yadda yake cinye yini mutum bai ankara ba. Abin da zan ce shi ne, aiki tukuna. Duk abin da ka rubuta, ka kwafe shi wuri biyu kafin ka taɓa wasa, ka tura wa kanka ta imel ma. Kuma idan ka fara jin kana ɓoye wasan, kana rage murya don kada a sani, to ya wuce wasa, ka binciki kanka.

Ranar da abin ya faru, ka tafi ganin malamin da ke duba aikinka. Ana zafi sosai, ga wuta an kawo. Bayan azahar na jona caja na hau gado. Ina kan wata hanya mai gada, karon farko ina gaban kowa, sai na ji sallama a tsakar gida. Hajiya Lami maƙwabciyarmu ce da wasu mata uku, sun zo shawarar bikin 'yarta. Ka san Hajiya Lami ba ta tsayawa a falo, kai tsaye ɗaki take nufa. Na rufe murfin da sauri, amma ka saita ta yadda ba ta mutuwa idan an rufe, saboda kana haɗa ta da talabijin. Fankar ta ci gaba da ihu. Na rasa yadda zan yi. Na tura ta ƙarƙashin bargo, na ɗora filo biyu, na danna da hannu.

Hajiya Lami ta ɗaga labule ta ce, "Hajiya Saude, wai ƙarar mene ne nake ji haka?"

Na ce, "Janareton maƙwabta ne."

Ta ce, "Da wutar? Allah Ya kyauta masu."

Na ja hannunta muka koma falo. Na ce a raina minti goma za su yi. Aka shiga maganar anko, aka koma ta abinci, aka yi gardamar wanda za a gayyata. Ina zaune ina amsawa, kunnena yana ɗaki. Sau uku ina yunƙurin tashi, sai in ga idan na shiga wata za ta biyo ni. A nan suka yi la'asar. Da na raka su na dawo, ɗakin tsit, sai warin roba da ta ƙone. Na ɗaga bargon, na kasa riƙe ta da hannu saboda zafi. Na kai ta gaban fanka, na goge ta da jiƙaƙƙen tsumma, na yi addu'a, na danna makunnin ya fi sau ashirin. Ko ƙyaftawa ba ta yi ba. Sai na kai ta ɗakinka na ajiye a kan tebur, na jawo ƙofa.

Bayan magariba ka fito falo da ita a hannu, fuskarka ta canza. Ka ce, "Umma, kin kunna ta yau?" Na ce, "Da safe na buga ƙarshen babi na huɗu, na kashe ta lafiya ƙalau." Ka ce, "Filas ɗin fa?" Na ce ai shi ma ya ƙi buɗewa tun kwanaki, na manta ban gaya maka ba. Ƙarya biyu a jere, ban ko tsaya numfashi ba.

Abbanku ya ajiye carbi ya ce, "Ga shi nan. Na faɗa, na sake faɗa. Gem ya cinye maka karatu."

Ka ce, "Abba, wallahi rabona da gem sati uku, tun da aikin ya kankama."

Ya ce, "Har da rantsuwa? Ƙarar da nake ji a gidan nan aljanu ne suke yi? Tashi ka ba ni wuri."

Ka dube ni sau ɗaya, ka sunkuyar da kai, ka fita. Ina zaune a kan darduma. Kalma biyu zan faɗa maganar ta ƙare. Na buɗe baki, sai na hango yadda Abbanku zai kalle ni, da yadda labarin zai kai kunnen Hajiya Lami, mace da ta isa ajiye jika tana tseren mota a kan gado. Na rufe bakina. Na ce gobe zan faɗa idan rai ya kwanta. Ka ga yadda goben ta kai shekara.

Ka san sauran fiye da ni. Ba ka kare furojet a gaban malamai tare da 'yan ajinku ba. Suka tafi bautar ƙasa suna turo maka hotuna da kaki, kai kana bin rijiyoyin Rigachikun cikin damina, kana sake awon da ka riga ka yi, kana dawowa da taɓo har gwiwa. Abbanku ya karɓe makullin mota. Idan baƙi suka tambayi karatunka sai ya ce, "Ku tambayi mai gem." Duk a gabana.

Akwai kuma abin da ya fi hana ni sakat. Bayan ka kai ta wajen Malam Isiya da kwana biyu, na hau keke mai taya uku na je Hayin Banki ni kaɗai, na yi ta tambaya har aka nuna mini shagonsa. Na ce ni ce mahaifiyar mai baƙar laftof, na roƙe shi ya ceto aikin ko ta wane hali. Ya ɗauko ta a buɗe, ya nuna mini ƙurar da ta dunƙule a bakin fankar kamar auduga, ya nuna mini inda robar ƙasa ta narke ta lanƙwashe. Ya ce, "Hajiya, ma'ajiyarta dama ta tsufa, zafin nan ya ƙarasa ta. Ba abin da zai fito. Amma wannan ba aikin gem kaɗai ba ne. An toshe mata iska ne gaba ɗaya, kamar an lulluɓe ta da bargo tana aiki."

Na ce, "Ka gaya wa mai ita haka?"

Ya ce, "Shi ya fara tambayata, na gaya masa."

Ban san yadda na iso gida ba. Na jira ka zo ka tuhume ni, ba ka zo ba. Bayan wata ɗaya sai ga ka da sababbin takardu da kwamfutar aro, ka ce, "Umma, za ki taimaka ki sake buga mini?" Ka ajiye sabon filas a gefe, ba ka ƙara ko kalma ba. Tun daga ranar nake kallon fuskarka ina neman amsa. Ka sani ne ka rufa mini asiri, ko kuwa zuciyarka ce ta ƙi kawo ni cikin zargi? Har yanzu da nake rubutun nan ban sani ba, kuma ko wanne ne ciwonsa ɗaya.

Ga abin da nake so ka riƙe fiye da duk maganar fanka da tebur. Kunya ce ta sa na danne laftof ɗin, kunya ce ta sa na yi ƙarya, kuma abin da nake gudu bai kai kwatankwacin abin da na jawo maka ba. Da dariya kawai za a yi mini kwana biyu. Idan ka ɓata wa wani abu a can, a wurin aiki ko a ɗakin da za ku zauna, ka faɗa a ranar, kafin ka kwanta. Kwana ɗaya idan ya shiga tsakani, bakin nauyi yake ƙarawa.

Kai ma kuma ina da gyara a naka. Idan ka sani ka yi shiru, na gode, amma kada ka sake. Kada ka ɗauki laifin da ba naka ba ka rungume saboda girman wanda ya yi shi. A gida ka yi wa uwarka, Allah Ya ba ka lada. A waje za ka haɗu da manyan da za su so ka riƙe musu nasu, su kuma ba za su rubuto maka wasiƙa ba. Ka faɗi gaskiyarka da ladabi, sau ɗaya, a gaban wanda ya kamata ya ji.

Yau da safe na gaya wa Abbanku. Yana shan shayi na zauna a ƙasa kusa da shi na kwashe komai, tun daga jar motar har Hayin Banki. Ya riƙe kofin a sama ya ce, "Ke? Gem?" Na ce ni. Na ga bakinsa ya motsa kamar zai yi dariya, sai fuskar ta koma wani iri. Ya ajiye kofin. Can ya ce, "Saude, yaron nan ya rantse mini da Allah na ce ƙarya yake yi. Shekara guda." Na ce laifina ne. Ya ce, "Naki daban, nawa daban. Ni ban ma tambaya ba." Bai je ofis ba. Ya yi ta kai da komo a tsakar gida, ya wanke motar da hannunsa, abin da rabon da ya yi shi har na manta, sannan ya fita da ita wajen bakanike. A bakin get ya juyo ya ce, "Gobe ni zan kai shi tashar Kawo. Kada kowa ya biyo mu."

Don haka kafin ka karanta wannan, ya riga ya faɗi nasa. Ban san me zai ce ba. Ka san Abbanku bai iya ba da haƙuri ba. Idan duk hanyar maganar taya da gudun direbobi ya yi ta yi maka, ko ya tsaya a bakin motar ya ƙi tafiya har kuka tashi, to ka gane abin da yake nufi ke nan, ka karɓa.

Saura ni. Na cuce ka, na ci maka shekara, na bari aka kira ka maƙaryaci ina zaune. Ka yafe mini don Allah. Amma kada ka yafe mini a zuci ka yi shiru irin na bara, ba zan iya ɗaukar wani shirun ba. Ka kira ni ka faɗa da bakinka, ko da faɗan za ka fara yi mini. Zan saurara har ka gama.

Allah Ya kiyaye ka a tafe da a zaune. Ya tsare ka daga sharrin hanya, da ciwo, da mugun aboki. Ya sa ka gama lafiya ka dawo mana lafiya. Ka riƙe salla a kan lokacinta. Allah Ya yi maka albarka, Ya ba ka 'ya'yan da za su yi maka haƙurin da ka yi mini.

Wassalam.

Ummanku.